Shayin Saura Ƙiris

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto ɗakin gwaje-gwaje, wai an yi sata. Ya zo da zaton inji aka ɗauke, sai aka nuna masa gurbin wata 'yar kwalba a firiza, ko kan yatsa ba ta kai ba.

Mai kwalbar wata ɗaliba ce, ido ya yi jawur. Ta ce enzayim ne a ciki, wata takwas tana tace shi daga naman zomo. Kowace ƙwayar halitta da ɗan batirinta, in ji ta, shi kuma aikinsa fasa batirin don ƙarfi ya fito. In babu shi gwajinta na ƙarshe ya sha ruwa, digiri sai baɗi.

"To ƙanwata, me ke kashe shi?"

"Ɗumi, Yallaɓai. Ya wuni a aljihu, ya zama ruwan banza."

Kowa ya nuna Baba mai shara, tunda shi ke buɗe ƙofa. Baba ya rantse ko firjin gidansa ba ya taɓawa sai da izinin matarsa. Amma fa, ya ce, yau sau biyu ya goge ƙasa, don bayan ya gama wani ya ɗiga ruwa tun daga injin ƙanƙara har bakin firiza.

Sufeto ya sosa gemu. Ɓarawon titi aljihu zai jefa ya ƙara gaba. Wanda ya tsaya ɗibar ƙanƙara ɗan gida ne, mai tausayin abin da ya sata.

Sai ya juya kan abokin karatun ɗalibar, wanda ake kira Saura Ƙiris, don shekara shida ke nan kullum saura ƙiris ya gama. Gogan ya ce shigowarsa ke nan, ko shayinsa bai kurɓa ba. Ya nuna fulas a gefen jaka.

"Madalla. Ɗan zuba mini, maƙogwarona ya bushe."

"Ai... babu sukari, Yallaɓai."

"Likita ma ya hana ni."

Sufeto ya ɗaga fulas ya ɗan girgiza. Ƙwal-ƙwal. Ya buɗe, ga kwalba kwance cikin ƙanƙara kamar jaririya a zani.

Gogan ya zauna daɓas. Ya ce tasa kwalbar ya manta a kan tebur ranar Juma'a, ta mutu, kuma bai da fuskar tunkarar Farfesan da ke duba aikinsa a shekara ta bakwai.

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya kama hannunsa. Sun kai ƙofa Saura Ƙiris ya waigo wajen ɗalibar.

"Ki mai da shi firiza maza, ƙanƙarar ta fara narkewa."

Ɗalibar ta riga ta mayar.