Kira Uku Daga Guri

"Don Allah Muttaka, ba yanzu ba!" na ce da wayar, na katse kiransa karo na uku, idona a kan kwamfuta.

Duk da ina hutu a gidanmu a Haɗejiya, ranar ni ke da alhakin jiran saƙonni a ƙungiyarmu ta masu binciken taurari. Da hantsi na'urar hangen nesa da ke shawagi a sararin samaniya ta turo saƙo: ta kama walƙiyar hasken gamma, irin wadda ke fita idan matattun taurari biyu suka yi karo. Ko daƙiƙa biyu ba ta yi take ɗaukewa. In ban tantance ta da wuri na sanar da masu na'urorin ƙasa inda za su duba ba, ɗan hasken da ya rage zai dushe.

Shekara uku ina jiran wannan rana!

Muttaka manomin shinkafa ne a Guri, saura wata biyu aurenmu. Mahaifiyarsa, Iya, ba ta taɓa sona ba.

"Yarinyar da idonta ke sama, yaushe za ta ga ɗana?" Haka take faɗa a gaban kowa. Mairam take so ya aura, 'yar ƙanwarta.

Sai bayan azahar na gama. Ina ta murna na buɗe saƙon muryar da ya bar min.

"Falmata tawa... ki ɗauka mana. Mairam ta ce kin karɓi aiki a ƙasar waje, za ki tafi ki bar ni. Ban yarda ba wallahi, amma daga bakinki nake son ji. Ambaliya ta cinye hanya, ga ni a bakin kwale-kwale zan taho wurinki. Ki ce min ƙarya ne kawai, in koma gida..."

Na kira.

A kashe.

Na sake kira, na sake, har la'asar. Sai ga Kawu Ari ya shigo, ya kasa haɗa ido da ni.

"Falmata, sai haƙuri. Kwale-kwalen ya kife. A cikin ciyawar kacalla masunta suka same shi."

"Kawu ƙarya ne! Ɗazu fa ya kira ni... ɗazun nan!"

Ran sadakar uku ruwa ya ɗan janye, muka isa Guri. Mairam na rakuɓe a bayan ƙofa, tana kukan da babu mai rarrashinta. Na durƙusa a gaban Iya.

"Sau uku ya kira ki a gabana," ta ce. "Me kike yi?"

Na faɗa mata, ban ɓoye komai ba.

"Taurarin nan, yaushe suka yi karon?"

"Shekaru miliyoyi da suka wuce, Iya. Yanzu hasken ya iso."

Ta ɗago ta kalle ni.

"Kuma suka kasa jiranki minti ɗaya?"

Na kifa kaina a ƙasa. Na zaci kora ta za ta yi.

"Ni ma na ji lokacin da Mairam ke faɗa masa," ta ce. "Na san ƙarya ne. Na yi shiru."

Ta jawo bakin tabarmarta.

"Matso nan, 'yar nan. Laifin na mu ukun ne."