Numfashi a Ɗakin Taro

Ku matso, ku da yaranku. Ku ajiye wayoyin nan ku ji.

Akwai wata yarinya mai son ta zama mai shirya taro idan ta girma. Gwaggonta ce ke wannan aiki a wani babban otal. Da aka yi hutun makaranta, sai ta riƙa bin ta don ta koya.

Gwaggo ba ta wasa da aiki. Ta koya mata jera kujeru, da barin hanya a tsakiya, da ajiye ruwa inda hannu zai kai.

Wata safiya likitoci za su yi taro. Gwaggo ta miƙa mata makirufo marar waya. Ta ce ta zaga ɗakin taron tana magana, a ji ko murya na kaiwa ko'ina. In ta gama, ta kashe shi, ta mayar akwatinsa.

Yarinyar ta zaga, tana jin daɗin muryarta na saukowa daga lasifikan da ke ɓoye cikin rufi. Sai aka aike ta sito ta ɗauko mayafin tebur. Ta ajiye makirufon a kan tulin mayafai, a kunne. Tana fitowa, ƙanshin shayi ya ja ta kicin.

"Kin kashe? Kin mayar?" Gwaggo ta tambaya.

"Na mayar, Gwaggo," in ji ta, baki cike da burodi. A ranta ta ce anjima ta ɗauko. Anjiman bai zo ba.

Mai kula da na'urar lasifika ya kulle ɗakinsa, ya tafi sayen batir.

Ɗakin taro ya yi tsit. Labule a sake, sanyi ya cika ko'ina. An sa wa kujeru fararen riguna, sun yi sahu kamar mutanen da suka lulluɓe suna jiran wani.

Mai shara na goge dandamali sai ta ji numfashi. Ba daga ƙofa ba, daga sama. Yana shiga a hankali, yana fita a hankali. Sai ƙarar farce yana karce wani abu. Sai gurnani mai kauri.

Ta fito a guje da takalmi ƙafa ɗaya.

Masu raba abinci suka taru a bakin ƙofa, kowa na tura ɗan'uwansa. Wani dogo a cikinsu kullum yana cika baki cewa ba ya tsoron komai. Ya leƙa sau ɗaya, ya ce ana kiran sa a kicin.

Shugaban likitocin ya iso, ya saurara. Ya ce in ba a gyara ba, zai kwashe mutanensa zuwa wani otal. Manajan otal ya dubi Gwaggo, ya ce in taron nan ya tashi, ita ma ta tattara nata.

Gwaggo ta shiga ɗakin. Yarinyar ta bi ta, riƙe da gefen zanenta. Numfashin na bin su a bisa kai.

Can ƙasan gurnanin, yarinyar ta ji wata ƙara da ta sani. Ƙarar injin wanki ce. Injin wanki kuwa yana jikin sito.

Gabanta ya faɗi. In ta yi shiru, ba wanda zai sani. Amma ta tuna maganar manaja: Gwaggo ce za ta rasa aikinta.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "ƙarya na yi. Ban mayar ba."

Gwaggo ta nuna mata ƙofa. "Wuce gaba. Ke kika ajiye, ke za ki ɗauko."

Hanyar sito doguwa ce, ba taga. Yarinyar ta tura ƙofa. Cikin duhu ta ga idanu biyu kore suna kallonta, da wani ƙaramin jan ido a ƙasansu. Ta laluba bango, ta kunna fitila.

Kyanwar kicin ce. Ta miƙe a kan mayafai, ta yi matashi da makirufon, tana gurnanin jin daɗi. Jan idon kuwa fitilar makirufo ce.

Ta kashe shi. Ɗakin taro ya yi shiru.

Ma'aikata suka yi dariya har da hawaye. Dogon nan ya ce shi dai tun farko ya san kyanwa ce. Likitoci suka shiga, taro ya tafi lafiya.

Bayan an watse, yarinyar ta durƙusa ta ba Gwaggo haƙuri.

"'Yar nan, kowa na mantuwa," in ji Gwaggo. "Da kin ce kin manta, da tuni an ɗauko. Mai shirya taro ba ya duba komai da idonsa. Da maganar mutanensa yake aiki. Gobe ki zo da wuri."

Darasin a fili yake. In an ba ka aiki, ka kai shi ƙarshe. In ba ka yi ba, kada ka ce ka yi.

To, ku yanke mana hukunci: mantuwar ce ta fi muni, ko ƙaryar?