Takalman da Na Ɗinka wa Auta

Tun da aka fara jeme fata a duniya, ba a taɓa wulakanta mai sana'a kamar yadda aka wulakanta ni a falona, a kan kujerata ba. Ni da na shekara talatin ina ɗinkin takalma ban taɓa riƙe tef ɗin awo ba, kallo ɗaya nake yi wa ƙafa in yanka fata, wai ni wani mai shimfiɗa tayil zai koya wa aiki! Kwana uku na yi ban ci abincin kirki ba. Matata ta ce har ƙari nake nema, amma ita ba a kafa shaida da ita.

Auta 'yar ƙanwata ce. A hannuna ta tashi tun tana shekara shida, bayan rasuwar uwarta, yanzu kuma tana koyarwa a makarantar ƙananan yara. Tun da ta isa sa takalmi mai tsini ni nake ɗinka mata, na kasuwa bai taɓa shiga ƙafarta ba. Mai tayil ɗin nan ya gan ta ya ce ita yake so, ita ma ta sunkuyar da kai. Ban hana ba, don yaron ya iya gaisuwa.

Uwarsa ce matsalar. Hajiya tana da shagon turare a bakin titin da Auta ke bi kullum da safe, ta naɗa kanta alƙaliyar tafiyar matan unguwa, alhali ita in ta taso sai ka rantse firij ake turowa.

Wata rana da yamma Auta ta shigo ta zube gaban matata tana kuka.

"Wai Hajiya ta ce ba za a kawo mata gurguwa gida ba! Wai ina tafiya kamar keken da tayarsa ɗaya ta yi faci! Har 'yan matan shagonta suna kwaikwayona, Inna, a gaban mutane!"

"Shi yaron me ya ce?" in ji matata.

"Ya roƙe ta. Ta ce nan da mako biyu za ta zo ta gani da idonta. In ƙafar ce da aibi, a bar maganar."

Na ajiye kofin shayi na miƙe. "Share hawayenki. Tafiyar mata ilimi ce, kuma kina gidan malaminta."

"Kai?" in ji matata.

Ban kula ta ba. Na ɗauko alli na ja layi daga ƙofar falo har bakin kicin. Na yafa mayafinta na nuna musu da kaina: haɓa sama, kafaɗa baya, taku gajere, ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, hannu yana lilo a hankali. Matata ta yi dariya har ta ƙware. Jahilci ne, na yafe mata.

Na ɗinka wa Auta sabon takalmi na musamman, tsininsa ya ninka na da. Kullum in ta dawo aiki sai in ɗora mata littafi a ka ta bi layin. Taku uku, sai ta karkata hagu littafin ya faɗi.

"Kawu, balans ɗin ne babu."

"Balans a zuciya yake! Sake!"

A rana ta biyar ta dafe ƙugu ta ce a hankali, "Kawu, ko in gwada ba takalmi?"

"Takalmina kike zargi?"

"A'a Kawu, sori." Ta ɗauki littafin ta mayar a ka.

Ranar da Hajiya ta zo, ita da ɗanta, ta zauna tana kallon labulenmu kamar ya zage ta. Matata ta raɗa mini cewa a bar yarinya ta fito haka nan, wa ke sa takalmi a falo? Na ce aikina za a gani. Auta ta fito da tire, kofuna huɗu a kai. Taku na farko lafiya, na biyu lafiya, har na fara gyara hula. A na huɗu ta karkata, ƙafar hagu ta turguɗe, tire ya tashi sama — shayi duk a jikin leshin Hajiya! Takalmi ɗaya ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin tebur.

"Na ga abin da na zo gani," in ji Hajiya tana kakkaɓe jiki. "Ko tire ba ta iya kaiwa, ita ce za ta ɗauki jikana? Tashi mu tafi!"

Yaron bai tashi ba. Ya sunkuya ya jawo takalmin, ya juya shi, ya ce, "Auta, ba ni ɗayan."

Ta riƙe shi gam tana girgiza kai, hawaye na zuba. Sai da ya roƙe ta ya ce, "Filis," sannan ta saki. Ya jera su a kan tebur, ya zaro tef daga aljihu. Mutum ya zo ganin surukai da tef a aljihu, ku ji rashin tarbiyya!

"Kawu, ka yi haƙuri. Tsinin hagu ya gaza na dama da faɗin yatsa guda."

"Teburin ne ya karkace!"

Matata, wadda na ciyar shekara ashirin da biyar, ta shiga ɗaki ta kwaso duk takalman Auta ta zube su. Ya auna ɗaya bayan ɗaya. Kowanne hagu ya gaza.

"Ke yarinya," in ji Hajiya, "taka in gani. Haka nan, ba takalmi."

Auta ta goge fuska ta hau layin allina. Ta tafi ta dawo tsaf, kai a miƙe, kamar an ɗaura mata zare daga sama. Ni na koya mata wannan, amma ba wanda ya ambata.

"Kin san da haka?" Hajiya ta tambaya.

"Tun ina sakandare, Hajiya."

"Shi ne kika yi shiru, ana miki dariya a titi?"

"Kawu ne ya riƙe ni da ba ni da kowa. Duk takalmin da ya ɗinka mini sai ya kira maƙwabta su gani. Da wane baki zan ce masa idonsa ya fara gazawa?"

Sai Hajiya ta jawo ta jikinta, da jiƙaƙƙen leshin da komai. "Yafe mini, 'yata. Wadda ta shanye ciwon ƙugu shekara da shekaru don kada ta kunyata tsoho, ita ce za ta iya zama da ni."

Tsoho! A gidana! Na buɗe baki, matata ta taka mini ƙafa.

An yi auren bayan wata biyu. Yanzu Hajiya ba ta da hira a shago sai ta tafiyar surukarta.

Ku 'yan mata, ku ɗauki darasi wajen Auta: haƙurinta da kunyarta ne suka ba ta mijin da take so, har da uwarsa a kai. Ku kuma masu zama bakin titi kuna auna tafiyar mutane, ba ku san abin da suke takawa ba, ku kama bakinku.

Ni kuwa, jiya na zauna ƙofar shago na lura rabin matan layinmu duk hagu suke karkata, kuma duk kwastomomina ne. To, na yarda, ni ne. Shekara tara ke nan da likita ya rubuta mini tabarau, na saya, na duba madubi na ga ya tsufar da ni. Yana nan cikin gwangwanin ƙusoshi, ko ledarsa ban cire ba.