Aikin da Auta Ya Bari a Layi

Ranar Talata wajen ƙarfe ɗaya na rana, mai shara ta tarar da gawar ɗana a gindin matakalar baya ta ginin bincike. Auta muke ce masa. Injiniya ne. Aikinsa shi ne ya gina gada a cikin kwamfuta, ya ɗora mata motoci da iska da ambaliya, ya ga ko za ta karye, tun kafin a kwaɓa siminti. Haka ya yi mini bayani, haka na riƙe.

Abin da ban gani da idona ba, Sufeton 'yan sanda ne ya gaya mini daga baya.

Sufeto gajere ne mai furfura, ba ya gaggawa. Da ofishin Farfesa ya fara, wato shugaban Auta.

"Yaron kirki ne," in ji Farfesa. "Amma jiya na kama shi da kuskure a lissafin gadar da za a yi. Kunya ta ishe shi. Ya goge aikinsa duka, ya faɗo da kansa."

"Ina kake da rana?"

"Ɗakin karatu. Ban leƙo nan ba sai da na ji kuka."

Da maganar ta iso mini, na sa mayafi na tafi caji ofis.

"Ranka ya daɗe, ban yi boko ba," na ce. "Amma yaron da ya ce in jiƙa masa wake zai dawo ya ci, ba shi zai kashe kansa ba. Kada ku rubuta masa wannan suna."

"Mama, ban rubuta komai ba tukuna," ya ce. "Biron ma a aljihu yake."

Washegari likita ya ce Auta ya cika kafin sha biyu. Sufeto ya koma ginin, ya sami matar da ke kula da babbar kwamfutar da duk masu binciken ke aiki da ita. Anti Waya suke kiranta, don kullum da igiyar wuta a wuyanta.

"Ƙarfe nawa aka goge aikin?"

"Sha biyu da rabi."

"Mamaci na goge aiki?"

Ta sunkuyar da kai. "Da sunansa aka shiga. Kuma nan ba wanda ya san lambar sirrin wani."

Sufeto ya zagaya teburan. Ya ɗaga madannin kwamfutar Auta, sai ga 'yar takarda manne a ƙasa, da lambobi. Ya ɗaga na gaba, haka. Na ukun ma haka.

"Anti, wannan sirrin naku ko kaza ta sani."

"Lissafi ɗaya yakan kwana uku yana tafiya," ta ce a hankali. "In ya tsaya mai shi ba ya nan, wani sai ya tayar masa. Shi ya sa."

"Daga wane tebur aka goge?"

Ta hau gyara igiyar wuyanta.

"Aikinki kike tsoro? Uwarsa na zaune a benci a ofishina tun safe."

Ta danna, ta juyo masa da allon. Teburin Farfesa ne.

Daga nan ta nuna masa wani abu kuma. Kwamfutar ɗaya ce, masu aiki talatin, don haka kowa ajiye aikinsa yake a layi ya tafi, kamar bokitai a bakin famfo. Wanda ya goge ya share abin da aka gama kawai. Da safen Talata Auta ya saka sabon aiki a layi, har yanzu ba a zo kansa ba.

"Farfesa bai duba layin ba?"

"Rabonsa da bin layi shekara goma. Yara ke saka masa."

"To, mu ma za mu jira," in ji Sufeto. Ya sa kofur a ƙofar ɗakin, ba shiga ba fita.

Kwana biyu muka jira. Ranar Juma'a da hantsi aikin ya fito da sunan ɗana a kai. Sufeto ya kira Farfesa, ya sa aka ba ni kujera.

A allo na ga gada, shuɗiya. Anti Waya ta danna, motoci suka hau. Ginshiƙin tsakiya ya koma ja, ya lanƙwashe.

"Wannan da lissafin wa?" in ji Sufeto.

"Na Farfesa," ta ce. Ta sake dannawa. Gadar ta tsaya cak. "Wannan na marigayi."

"Nuna mini kuskuren yaron, Farfesa," in ji Sufeto. "Kuma ka gaya mini yadda teburinka ya yi aiki kana ɗakin karatu."

Farfesa ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa da gefen riga.

"Shekara ashirin ana koyar da hanyar lissafin nan da sunana," ya ce. "Ya tare ni a matakala, wai ranar zai kai wa magina takardun lissafinsa. Na roƙe shi ya ba ni wata guda. Ya ce mutane ne za su bi ta kan gadar. Na fizgi takardun, ya ƙi saki. Sai na ture shi."

Ya juyo wajena. "Baiwar Allah..."

"Ba ni za ka roƙa ba," na ce.

Kofur ya sa masa ankwa. Suka fita da shi ta gaban ɗalibansa.

Sufeto ya aika wa magina takarda su dakatar da aiki. Sannan ya zaro biro daga aljihu, ya buɗe fayil, ya rubuta a gabana. Na ce ya karanta mini da ƙarfi.

"Kashe shi aka yi. Lissafinsa daidai ne."

"Sake karantawa," na ce.

Ya sake.