Ƙodar Akuyar Sintoyia

Kukan da aka ji a bayan tanti na bakwai na masaukin masu yawon buɗe ido a daren nan bai yi kama da na wata dabba da aka sani a gandun dajin Mara ba. Ya fara kamar ana jan zarto a jikin ɗanyen itace, ya koma kamar tsoho na kakarin amai a cikin tulu. Baƙin da ke tantin, mata da miji, suna kwance a bahon tagulla da ruwan ɗumi har wuya, sai suka hau tafi, sun ɗauka yana cikin abin da aka shirya musu! Sintoyia kuwa, mai wankin masaukin, tana durƙushe tana cuɗa zannuwan gadon da baƙi suka ɓata da giya da abin da baki ba ya faɗa. Ta dakata da wankin, ta ce, "Enkai, Ubangijina, ka kau da sharrin wannan dare..."

Gari na wayewa aka tarar da Malkiya, zakanyar da hotonta ke jikin kowace motar masaukin, a miƙe, bakinta duk kumfa. Gefenta ga mushen akuya an barbaɗe shi da guba, ga ungulaye bakwai a zube. Jirgi mai saukar ungulu ya kawo likitan dabbobi tun daga Nairobi don ya duba gawa. Aka ɗaga kunnen akuyar, sai ga tsagar shaidar garken marigayi mijin Sintoyia.

Parsaloi, ƙanen mijin nata, shi ne shugaban masu gadi. Tun da ta ƙi komawa gidansa a matsayin matarsa bayan rasuwar wansa yake neman ta da sharri, ya kuma san dokar gandun: wanda ya sa wa zaki guba an soke shi daga kiwo, filinsa ya koma hannun dangi. Ya riƙe baki a gaban Manaja Gitonga ya ce, "Wayyo matar wana! Don zaki ya ci miki maraƙi bara, shi ne kika kashe mana uwar arziki?"

"Parsaloi, ka ji tsoron Wanda ya halicce ka! Akuyar nan kwana biyu ina nemanta, kai na fara faɗa wa!"

"Ni? Ko dai a mafarki."

Manaja ya toshe hanci da hankici, ya ce, "Ku fitar min da ita ta ƙofar baya, baƙi na karin kumallo. Ku karɓe rigar aikin, a wanke ta da ruwan zafi."

Ole Tipanko, tsohon da ke bin sawun namun daji, shi kaɗai ya tsuguna ya buɗe cikin mushen da sanda. Ya daɗe yana kallo. Ba a yanka akuyar ba, toshe mata numfashi aka yi yadda mazan yankin ke kashe dabba, ƙodojinta biyu kuma an ƙwaƙule su tas da wuƙa. Ya ce, "Manaja, yaushe mace ta fara cin ɗanyar ƙoda a bakin fiɗa?" Gitonga ya ce ba darasin al'ada ya tambaya ba.

Daga ranar duniya ta juya wa Sintoyia baya. 'Yan sanda suka tsare ta kwana tara a garin Narok, suka sake ta kafin shari'a. Ta dawo ta tarar an kora awakinta garken Parsaloi, wai ajiya. Mata suka daina zama kusa da ita wajen ɗinkin duwatsun ado, a bakin rafi kuwa in ta sa ƙwarya sai su janye tasu. Sai zazzaɓi ya kama 'yarta ɗaya tilo, Resiato, mai shekara huɗu. Ta goya ta, ta tsaya bakin hanya tun safe tana ɗaga hannu. Motocin masauki biyar suka wuce, direbobin duk 'yan garinsu ne, duk suka kau da kai... A ta ƙarshe ma wata baƙuwa ta leƙo ta ɗauki hotonsu tana murmushi, wai uwa da 'ya cikin jan mayafi! Kafin rana ta karkata Resiato ta yi sanyi a bayanta. Sintoyia ta zauna cikin ƙura ta rungume ta tana cewa, "Tashi mana, 'yar maraƙata... tashi mu tafi gida, na fasa asibitin..."

Ta kwanta ciwo, ba ci ba sha. Ole Tipanko ya je wurin maƙwabciyarta, tsohuwa Nolari, ya ce, "Kaka, ki shimfiɗa fatarki a bakin ƙofarta, ki kira mata biyu su taya ki kwana. Wanda ya yi na farko zai sake, kwaɗayi ba ya tuba."

Haka kuwa aka yi. Bayan wata guda zakuna suka kayar da babban bijimin Parsaloi. Ya ɗauki wata akuya daga cikin na Sintoyia ya shiga daji, zuciyarsa a sake, tunda akwai mai ɗaukar laifi. Ya toshe mata numfashi, ya farke ta, ya barbaɗa guba da hannunsa... sai idonsa ya faɗa kan ƙoda, tana sheƙi cikin kitse. Tun yana yaro bai taɓa barin ƙoda a jikin dabba ba. Ya goge hannu a ciyawa, ya yanko ta, ya jefa baki!

Da hantsi motar baƙi ta biyo ungulaye, ana murna za a ga zaki. Sai ga shugaban masu gadi yana birgima cikin amansa da kashinsa, kumfa har ƙirji, ƙullin gubar a ɗamararsa, yana ihu, "Ku cece ni! Ni ne! Ta farkon ma ni ne!" Baƙi suka toshe hanci, amma ba su sauke na'urar hoto ba.

Bai mutu ba. Ya farfaɗo a asibiti da ankwa a ƙafa da rawar hannun da ba ta bar shi ba har yau, daga can aka wuce da shi kurkuku. Dattawa suka taru ƙarƙashin itace, Nolari da matan biyu suka shaida Sintoyia ba ta taka waje ba. Aka mayar mata da filinta da awakinta, aka haɗa mata da shanun Parsaloi goma, dattawa suka fesa mata madara a goshi suna sa albarka, matan da suka guje ta suna kuka suna neman gafara. Manaja Gitonga ya zo da kansa da sabuwar rigar aiki, ya ce an ɗaga ta zuwa shugabar masu wanki, kuma baƙi za su so jin labarinta a bakin wuta.

Sintoyia ta kalli rigar, ba ta miƙa hannu ba. Nolari ta dogara sandarta ta matso, ta ce, "Ɗana, ni tsohuwa ce, ban yi boko ba. Jirgin nan da ya taso daga Nairobi don mushen zakanya, ina ya shiga ranar da Resiato ke bakin hanya?"

Manaja ya duba agogonsa. Direbobin da suka rako shi suka sunkuyar da kai. Can wajen rafi wata akuya ta yi kuka.