Zobe Ɗaya Daga Sifirin

Ranar da Bara'atu ta shigo garejin Musaddiq a unguwar Hashimi da tsohuwar Fijo 504 ta mahaifinta, yana ɗaga kai ya manta da sifanar da ke hannunsa.

"Malam, so nake a rage mata tsayi," in ji ta.

"Wannan dattijuwar? Ai aikin 'yan gayu ne."

Ta sunkuyar da kai. "Baba ne ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ba ya iya shiga sai an ɗaga shi, ya kuma rantse ba mai ƙara ɗaga shi a gaban jama'a. Wata biyar bai je Juma'a ba. Amma kada ya ji dalilin."

Musaddiq ya kwance sifirin huɗun, murɗaɗɗun ƙarafan da ke ɗauke da jikin motar, ya auna, ya yanke zobe ɗaya daga kowanne da zarto. Bai sa wutar walda ba, don zafi yana kashe ƙarfe. Masu son aikin gaggawa ne ba sa ji. Kwana uku aikin ya ci, kullum tana zuwa dubawa. Kafin a gama, sun kamu da son juna.

Ja'afar, wani ma'aikacin Abuja da ke nemanta, shi ya kai wa mahaifinta tsegumi. "Malam Bamalli, an yanke maka mota kamar ta 'yan tasha. Kuma mai yankan ne ke zuwa zance gidanka."

Tsohon ya sa aka kira Musaddiq.

"Shekara arba'in ko madubi ban canja mata ba. Wa ya sa ka?"

"Ni na yanke, Baba."

"Don me?"

"Ka gafarce ni, Baba," in ji Musaddiq.

"Fita! Ba zan ba mai ɓarna 'yata ba."

Bara'atu ta rubuta wa Musaddiq: "Masoyina, bari in faɗa masa gaskiya. Ja'afar zai turo manyansa Lahadi."

Ya amsa: "A'a, sanyin idona. In ya san don ƙafarsa aka yi, ba zai ƙara shigarta ba. Gara ya tsane ni."

Samarin yanzu, da yawansu da tuni sun tona don su wanke kansu.

Ranar Juma'a da hantsi, Malam Bamalli ya dogara sandarsa ya fito ya ga ɓarnar da idonsa. Ya buɗe ƙofa a fusace, ya zauna, ya ja ƙafar. Ta shiga. Ba wanda ya taɓa shi.

Ya dubi ƙafar, sannan ya ɗaga murya.

"Bara'atu! Wa ya ce a yi haka?"

"Ni ce, Baba."

"Yaron ya san dalili?"

"Ya sani."

"Ya tsaya ina ci masa mutunci?"

Ta fashe da kuka.

"Share hawayenki. Kira shi ya kai ni masallaci."

Bayan sati shida aka ɗaura auren Bara'atu da Musaddiq. Tsohon ya kama hannun angon ya ce, "Yadda ka rufa mini asiri, Allah Ya rufa naku duniya da lahira."