Tsamiyar Tungar Marka

"Waƙar yayi ce, Taibatu! Bana a yi tsalle, baɗi a mance. Da mi zai riƙe ki?"

Haka Baba ya ce ranar da ya sallami magabatan Tukur, waɗanda suka taso daga Talata Mafara neman aurena. Na shige ɗaki na sha kukana.

Tukur mawaƙin gambarar zamani ne. Waƙarsa ta fari ta karaɗe wayoyin samari, kafin kaka an daina jin ɗuriyarta.

"Baba ya yi gaskiya, sanyin idona..." in ji shi a waya. "To mi zan rera wanda ba a mancewa?"

Ni ba mai surutu ba ce, amma na iya saurare. Tun ina ƙarama nake jin Baba yana labarin Tungar Marka, ƙauyensu da ruwan madatsar Bakolori ya cinye can wajen Maradun. Na kwashe duka na ba Tukur: rijiyar, maƙerar, sunayen gonaki, da tsamiyar da ake ɗaurin aure a gindinta.

Waƙar da ya haɗa da su ba ta yi tashe nan take ba. A hankali ta shiga bakin masu dashen shinkafa, ta hau motocin haya, tsofaffi suka riƙa cewa jikoki su maimaita musu. Damina ta zagayo, har gidajen rediyon Kano ana neman ta.

Wata rana Baba ya dawo daga kasuwar Bakura fuska a murtuke.

"A kira min wanga yaro!"

Tukur ya durƙusa a zaure, ni ina laɓe bayan ƙofa.

"Kai ka ce tsamiya gabas da masallaci take?"

"Ni ne, Baba."

"Yamma take! Nan aka ɗaura aurena da uwar Taibatu, Allah Ya jiƙanta..."

Ni na faɗa wa Tukur gabas, amma bai tona ni ba.

"A gafarce ni, Baba."

"Gyarawa za ka yi. Waƙar ga za ta daɗe bayan mun tahi, kada a bar ma jikoki ƙarya. Ka riƙa zowa bayan la'asar, da sauran labari."

Ya goge ido da bakin rawani.

"Kuma ka ce ma magabatanka su dawo. Ban son baƙo ya riƙa min zarya a zaure... gara suruki."